Garejin Oga bayan rasuwarsa: nazari kan abin da wani makanike ya bari a Kano

Ranar da aka yi masa sutura akwai motoci 11 a garejinsa, babu tasa ko ɗaya. Filin da garejin yake kai na haya ne. Abin da aka tarar a asusunsa na banki bai isa cefanen wata biyu ba. Amma mutumin nan ya gina gida a Kurna, ya aurar da 'ya'ya mata uku da kayan ɗakinsu cif, ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka kafin ta rasu, ya kuma yaye yaran da yau suke da garejin kansu daga Dakata har Ɗorayi. Iyalinsa sun nemi a sakaya sunansa, don haka zan kira shi yadda yaransa suke kiransa: Oga.

A garin nan kullum ana binne irinsa. A zaman makoki kowa ya ce mutumin kirki ne, a yi addu'a a watse, kafin matarsa ta fita takaba gareji ya tarwatse, an sayar da ƙarafa a kan kilo, masu mota na zarya suna neman kayansu. Nasa bai tarwatse ba, ko da yake ya girgiza. Dalilin tsayuwar da dalilin girgizar duk suna cikin yadda ya yi rayuwarsa.

Haifaffen cikin gari ne, ta wajen Dala. Ya yi allo, ya taɓa firamare, sannan mahaifinsa ya kama hannunsa ya damƙa wa wani tsohon makanike a Fagge. Wannan ya zo daidai da lokacin da kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, 504 ta zama motar gwamnati, motar ɗan kasuwa, motar tasha. Ya daɗe yana wankin sifana da zuwa aike kafin a bar shi ya kwance ko da fulogi. Da aka yaye shi, kabireta ce gwanintarsa, har ana cewa in ya saita ta, direban Kano zuwa Zariya sai ya ga bambanci a kuɗin mansa. Da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na gwamnatin Babangida ya zo a 1986, naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai 'yan Kwatano suka cika gari. Golf ta shigo, Honda da Toyota suka biyo baya, daga baya Sharon ta kama hanyoyin haya. Tsararsa da yawa sun tsaya a kan 504 har ta ƙare da su. Shi ya bi kasuwa. Ya kama fili kusa da Ƙofar Ruwa, inda ba sai ka yi nisa ba wajen sayen kayan gyara.

Yadda yake aiki

In ka kawo masa mota, ba ya yarda yaro ya buɗe komai sai ya saurare ta. Zai ce ka bar ta a kunne, ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna kunnensa a mariƙin, ya yi shiru. Ya matsar da ita gaba, ya sake saurare. Sai ya zaro sandar awon baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Bayan nan ne zai tambaye ka: "Yaushe rabonka da juye? Wa ya taɓa ta kafin ni?" In ka yi masa ƙarya a ta biyun, zai gane daga kan notunan da aka cinye wa kai.

Abu biyu ya yi suna a kansu, kuma dukansu sun sa ya yi asarar kwastomomi a farko. Na ɗaya, ba ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin. Al'adar garejinmu ita ce da mota ta sauka daga Kwatano a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi shi ne don ƙasar sanyi. Oga yana cewa injin yana da zafin da yake so ya kai kafin ya ƙona mai daidai. In ka hana shi kaiwa, musamman da sanyin hunturun Kano, ƙwaƙwalwar motar za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta riƙa ƙara masa fetur, ka yi ta sha ba ka san dalili ba. In mota tana zafi, lagireto yake dubawa, da murfinsa, da famfon ruwa. Na biyu, duk abin da ya canza sai ya sa tsohon a leda ya ajiye maka a but. Indomin salansa kuwa, wato matatar hayaƙi, wanda ɓarayin gareji suke farkewa su sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, sai ya sa ka leƙa ka gan shi kafin ka tafi, ka sake gani ranar ɗauka. Wasu na ganin tsirfa ce. Masu motar da aka taɓa yashewa a wani wuri sun san ba tsirfa ba ce.

Na'urar kwamfuta ce ta ɗan ba shi wahala. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da mahaɗin da ake jona na'ura ta karanto matsala, kuma su ne suka zo suka mamaye titunan Kano. Ya jima yana yi wa abin kallon raini. Da ya ga aiki na wuce shi zuwa wajen samari masu na'ura, sai ya tura babban yaronsa ya koyo, ya yi adashi ya sayi tasa. Bai taɓa riƙe ta da hannunsa ba. Yakan ce ta iya faɗar inda ke ciwo, amma abin da ya kawo ciwon sai makanike.

Gida

Matarsa ɗaya, 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu. Ba ya fita sai ya ajiye kuɗin cefane, ko da ranar rance ya yi. Da kaka yana zuwa Dawanau ya auno gero da masara da wake na shekara, ya ware na ƙannensa mata biyu da mazajensu suka rasu. Abincin rana na gareji daga gidansa yake zuwa a manyan kuloli, yara su ci, mai faci na gefe ya ci, almajiri ya samu. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ba ya komawa aiki. Ranar zumunci ce, zai ɗauki matarsa Hajiya a babur su zaga dangi. Da gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a farkon 2013, sai ya koma aron motar da ya gama gyarawa, bayan ya kira mai ita ya nemi izini ya kuma zuba mansa.

Karatu ne inda kuɗinsa ya fi tafiya. Babban ɗansa ya gama Jami'ar Bayero, ta biyun ta yi Kwalejin Sa'adatu Rimi tana koyarwa, sauran ma kowa ya samu gwargwado. Amma ya kafa doka ɗaya: ɗansa ba zai yi kwanciyar ƙarƙashin mota ba. In an yi hutu sukan zo su zauna a benci su karɓi kuɗi, shi ke nan. "Na sha baƙin mai ya isa, ku ku riƙe biro," haka yake ce musu. Na fahimci abin da ya sa, don duk wanda ya ga tafin hannun tsohon makanike zai fahimta. Sai dai a nan aka shuka rigimar da ta biyo baya. Ya bar magadan da ba su iya aikin ba, da masu aikin da ba magada ba.

Ciwo

Hawan jini ya daɗe da shi. In ya sha magani kwana biyu ya ji sauƙi sai ya ajiye. Ga ciwon baya na shekarun ɗaga giya da injin, wanda yake kashewa da ƙwayoyin kemis, wasu lokuta ya haɗa da jiƙe-jiƙen masu talla. Hawan jinin da ba a kula da shi yana cin ƙoda a hankali, yawan shan irin waɗannan ƙwayoyin kashe ciwo ma haka, kuma ƙoda ba ta yin ƙara sai ta kusa gamawa. Ga fetur da yake zuƙa da baki ta tiyo yana wanke hannu da shi tun yana yaro, a zamanin da ma fetur ɗin akwai dalma a ciki. Sai da ƙafafunsa suka kumbura takalmi ya daina shiga, sannan ya yarda aka kai shi asibiti. Likita ya ce sai wankin ƙoda, sau biyu a mako in ana son ya tsaya da ƙafarsa.

Lokacin kuwa ya zo a murɗe. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane suka jingine motoci, mai zuwa juye duk wata ya koma sai mota ta tsaya. Kayan gyara suka yi tashin da dillalan Ƙofar Ruwa kansu suke kiran waya su tambayi farashi kafin su sayar. Oga ba shi da inshorar lafiya. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, amma shi da yaransa kallon abin ma'aikatan gwamnati suke yi mata, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaya. Aka sayar da fulotin da ya saya don ginin 'ya'ya maza. Tsofaffin yaransa suka yi karo-karo, wasu kwastomomi suka aiko. Da aka zo maganar jinginar da gida, ya ce a kai kasuwa: "Ba zan bar Hajiya a gidan haya ba saboda kwanakin da ba nawa ba." Ya koma wanki sau ɗaya, wani makon ma a tsallake. Bai cika shekara a haka ba.

Lissafi

A wajen jana'iza ƙaninsa, wanda yaran ke kira Baffa, ya yi sanarwar da aka saba: duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya same shi. Bayan addu'ar uku aka zauna a soron gidan: Baffa, babban ɗa, limamin unguwa, da babban yaron gareji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kowa ya zo yana tsoron abin da za a tono. Sai babban yaro ya fito da wata tsohuwar jakar leda daga cikin akwatin sifana. Littattafan rubutu ne na 'yan makaranta, duk sun sha baƙin mai, rubutun rabi boko rabi ajami. Kowace mota da shafinta: lambarta, ranar da ta shigo, nawa aka bayar, me aka saya, nawa ya rage. Wanda aka sallama an ja masa layi biyu.

Waɗannan littattafan su ne suka tsare gidan. A cikinsu aka ga kuɗi iri uku, liman kuma ya dage kada a cakuɗa su. Akwai kuɗin da masu mota suka bayar na sayen kaya ba a kai ga saya ba. Wannan amana ce, ba ta shiga gado, ko a yi aikin ko a mayar. Akwai bashin dillalan Ƙofar Ruwa, wanda dole a biya kafin a raba ko allura, domin ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun ce rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Wani ya zo da da'awar kuɗin injin guda, aka buɗe shafi aka nuna masa layi biyu da ranar da yaronsa ya karɓa, ya ce mantuwa ce, aka bar shi a kan mantuwar. Wani dillalin kuma, Inyamuri da suka shekara da shekaru suna hulɗa, ya zo ta'aziyya ya ce a soke nasa.

Na ukun shi ne bashin da Oga ke bin mutane, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Direbobin haya da aka gyara wa a kan in sun yi lodi za su kawo, malaman makaranta masu jiran albashi, 'yan uwa da ba a ma sa ran su biya. Hajiya daga ɗakin takaba ta aiko cewa a yafe wa kowa, haka Malam zai so. Liman ya ce ta yafe nata kason, manyan 'ya'ya ma kowa na iya yafe nasa, amma auta bai balaga ba, kuma babu mai ikon yin kyauta da dukiyar maraya, ko uwarsa ce. Maganar ba ta yi wa Hajiya daɗi ba, amma ita ce daidai. Aka ƙididdige kason yaron, babban wansa ya ɗauki nauyin cika masa daga nasa.

Motocin an sallami tara cikin makonni. Biyu suka gagara: ɗaya mai ita ya riga Oga rasuwa magadansa suna shari'a a kanta, ɗaya kuma lambar wayar da ke shafinta ta daina shiga tun tuni. Baffa ya so a sayar da ta biyun a cire kuɗin ajiya. Aka hana, aka rubuta takarda gaban mai unguwa cewa tana nan a matsayin ajiya.

Rabon kansa bai ɗauki lokaci ba. Iyayensa sun rasu, don haka mata tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. In aka kasa dukiyar 80, Hajiya 10, kowane namiji 14, kowace mace 7. Gidan aka yi masa kuɗi aka rubuta kason kowa, suka amince ba za a sayar ba muddin mahaifiyarsu na raye.

Garejin

Nan aka yi watanni ana kai ruwa rana. Me za a raba? Filin na wani ne. Abin da ke ciki jak ne, da sarƙar ɗaga injin, da akwatunan sifana, da janareto, da na'urar kwamfuta, da rumfar kwano. In aka kai su kasuwa, kuɗinsu ba zai sayi Adaidaita Sahu sabuwa ba, wadda ita Baffa yake son a saya wa ɗa na biyu da ke zaune ba aiki. Abin da ke kawo kuɗi a wurin shi ne mutanen da suka saba juyo kan mota zuwa nan ba tare da tunani ba, wannan kuwa ba a san yadda za a kasa shi 80 ba.

Babban yaro ya fi shekara 20 tare da Oga. An yaye shi tuntuni, ya ƙi tafiya, ya yi aure yana nan, shi ya riƙe wurin duk tsawon jinyar yana kai kuɗi gida kowace yamma. Ba shi da takarda ko ɗaya. Abin da yake da shi magana ce: Oga a gadon asibiti, gaban liman da wani maƙwabci, ya ce masa, "Bayana ka riƙe garejin nan, naka ne, ka kula da ƙannenka." Babban ɗa ya ce riƙo Baba yake nufi, ba mallaka ba. Yaron ya ce shi bai zo neman gado ba, amma ba zai yi shekara 20 yana bauta wa uba sannan ya dawo yaron ɗa wanda bai san sifana 10 daga 12 ba. Dukansu biyu suna da hujja, kuma laifin na wanda ya rubuta kuɗin kowane fulogi a littafi ne amma bai rubuta wannan jimla ɗaya ba. Ina jin kunya ce ta hana shi, kunyar 'ya'yansa da kunyar yaron.

Ba a je kotu ba. Mai unguwa ya tara su, aka gayyato shugaban 'yan ƙungiyar makanikai ta NATA na yankin, wanda ya san darajar kayan. Liman ya yi bayanin cewa wasiyya ga wanda ba magaji ba tana zartuwa matuƙar ba ta wuce sulusin dukiya ba, kayan garejin kuwa, in aka haɗa da kuɗin gida, ko kusa da sulusi ba su kai ba. Shaidu biyu sun ji kalmar "naka ne". Duk da haka yaron ya sassauta da kansa. Ya karɓi kayan hannu da rumfa a matsayin wasiyya, ya ce janareto da na'ura a yi musu kuɗi ya biya magada kaɗan-kaɗan. Ya kuma yi alkawarin aika wa Hajiya wani abu duk Juma'a. Liman ya sa aka rubuta cewa wannan na ƙarshen kyautatawa ce ba haƙƙi ba, don kada gobe a kai shi ƙara a kanta. Babban ɗa ya sa hannu, fuskarsa ba walwala, amma ya sa.

Abin da ba wanda ya zata shi ne Hajiya, bayan ta cika wata huɗu da kwana goma, ta kira yaron ta ce auta zai riƙa zuwa gareji bayan makaranta. Baffa ya tuna mata dokar marigayi. Ta ce, "Na san abin da Malam ya ce. Na kuma ga mai digiri a zaune a ɗakina."

Yadda ake ciki yanzu

Yara shida ne ba a yaye ba lokacin rasuwar. Huɗu suka zauna, biyu suka koma tuƙin Adaidaita Sahu, don kuɗin yau ya fi musu na shekara uku masu zuwa. Aiki ya ragu. Dattawan kwastomomi da dama don kunnen Oga suke zuwa, ba sa yarda da wanda suka sani tun yana wankin sifana. Samari masu Corolla da Vibe kuwa sun ƙaru, saboda na'urar. Har yanzu ana sa tsohon kaya a leda a but. Kuɗin Juma'a wani makon ya je, wani makon a aika da ban haƙuri. Abincin rana daga Kurna ya tsaya, kowa yana sayen nasa.

Babbar matsalar ita ce filin. Mai shi ya yi wa Oga kara shekaru da yawa bai ƙara masa haya yadda ya ƙara wa maƙwabta ba, amma karar ta mutum ɗaya ce. Ya ba da wa'adin shekara guda, yana son ya gina shaguna, kamar yadda ake yi wa garejin cikin gari ɗaya bayan ɗaya. Sabon mai garejin ya duba Kwakwaci bai samu gurbi ba, ya duba ta hanyar Katsina can bayan Dawanau inda haya ke da sauƙi, sai dai yana tsoron mai motar da ta lalace a Fagge ba zai ja ta har can ba. Ya nemi babban ɗan Oga, wanda ya fi shi sanin takarda, su je tare wajen mai filin su roƙi ƙarin wata shida. Ɗan ya ce zai je. An sa ranar bayan Babbar Salla.